Wadda Inna Take Nema

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da Inna. Yaya ƙafar Inna? Duk lokacin da na kira sai ki ce tana barci, har na fara tunanin ko kin mayar mana da uwa jaririya. Ki gaishe ta, ki ce Autanta yana nan da ransa. Mu ma lafiya, sai ɗan tari da Lauya ta yi makon jiya, ya wuce.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. A gidan nan ba a yin waya a ɓoye. Ɗaki ɗaya ne da falo, kuma da na ce "Yaya" Lauya za ta ajiye littafi ta zo ta tsaya a kaina. Shekararta tara, amma ba ka isa ka ce mata "haka na ce" ba, sai ka kawo dalili. Ke kika laƙaba mata sunan, ga shi ya bi ta.

Yau wata bakwai da rasuwar mamanta, Allah ya jiƙanta. Na koyi abubuwa da yawa, Yaya. Na iya goge kayan makaranta ba tare da na ƙona kwala ba. Na iya haɗa abincin da za ta tafi da shi, kuma ya dawo babu saura. Kitso ne ya so ya kayar da ni. Na farko da na yi mata, malamarsu ta aiko da ƴar takarda tana tambaya ko yarinyar ta yi faɗa ne a hanya. Sai na tafi wurin mai kitson da ke ƙarshen layinmu, na ce ta koya mini. Asabar huɗu na yi ina zama a kan benci a tsakiyar mata. Ɗaya ta ce, "Kai ne mai gyara injin saƙa a masaƙa?" Na ce ni ne. Ta ce, "Injin da ke juya zare dubu uku, amma silin gashi uku ya gagare ka?" Har mai kitson sai da ta ajiye tsinke ta yi dariya. To yanzu ina yin layi shida, huɗu daga ciki a miƙe.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda maƙwabta ke cewa, "Bawan Allah, yana ƙoƙari." Ke malama ce, kin san wanda ake faɗa wa wannan kalma: ɗalibin da ya zo na ƙarshe amma yana da ladabi. Ni ba na so in zama uban da yake ƙoƙari. Ina so in iya, yadda na iya aikina. A wurin aiki ina jin ƙarar inji daga bakin ƙofa in gane wane ƙarfe ne ya kwance. Haka nake so in san yarinyar nan.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Injiniyanmu ya kira ni ofis. Za a tura mutum ɗaya horo na wata shida a wani gari, idan ya dawo shi zai shugabanci sashen gyara gaba ɗaya. Ni ya zaɓa. Shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan kira, kuma marigayiya ta fi ni ɗokin zuwansa. Ya ba ni mako uku in ba shi amsa. Na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Me kika gani?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ranar Laraba. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ka, ya ce ka aiko da hoton kitson ya gani da idonsa. Ka shafa mini kan Lauya, a hankali, kada layukan nan huɗu su karkace. Rubutunka bai canza ba tun kana aji uku, har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma na karanta sau biyu, kuma na yi alfahari da kai.

Ka yi haƙuri da gajeriyar amsa. Masu duba makarantu za su zo mana ƙarshen wata, malamaina biyu sun tafi hutun haihuwa, rufin aji biyar yana yoyo. Yara ɗari shida ne a wuyana, kuma na rantse ba za a rubuta cewa makarantar nan ta lalace a hannuna ba. Ni nake koyar da lissafi a aji shida yanzu, bayan aikin ofis.

Maganar horo, ka karɓa. Kada ka tsaya dogon tunani. Mutum ba ya jiran abu shekara goma sha ɗaya sannan ya kawar da kai ranar da ya zo.

Inna tana nan. Ƙafar ta yi sauƙi, tana cin abinci, sai dai ta rage magana da mu. Yawanci tana zaune a bakin taga tana kallon ƴan makaranta idan an tashi.

Ka kawo Lauya nan da zarar an ba su hutu. Wannan ba shawara ba ce. Akwai abin da take buƙata wanda kai ba za ka iya ba ta ba, komai ƙoƙarinka, kuma lokaci ba ya jira. Sauran bayani sai mun haɗu, ba komai ake sa wa a takarda ba.

An buga ƙararrawa, zan shiga aji.

Yayarki... ka ga, har na rikice. Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya lau muke, kuma ba mu rasa komai ba.

Na gane abin da kike nufi sarai, ba sai kin fito fili ba. Amsata a'a ce.

Na zaci idan duk duniya ta ce "yana ƙoƙari", ke ba za ki faɗa ba. Sai ga kalmar a takardarki, da hannunki. Dangin marigayiya sun zo da irin wannan magana ta karɓe yarinya tun ba a share makoki ba, na raka su har bakin titi cikin ladabi. Ban taɓa tsammanin zan sake jin ta daga gidanmu ba.

Na sa miki kwafin sakamakon jarrabawarta a cikin ambulan. Ta biyu ta zo. Ki duba wurin da malamar ta rubuta game da tsabta.

Na je wurin Injiniya na ce masa ba zan tafi horon ba. Ya cire tabarau, ya ce in sake tunani. Na ce na gama tunani. Don haka wannan hanya ta rufe, babu sauran dalilin da zai sa a raba ni da kowa.

Kowa ya riƙe nauyin da Allah ya ɗora masa, Yaya. Ni na riƙe nawa.

A gaishe da Inna.

Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Yau mako bakwai ban ji daga gare ki ba. Na kira sau uku, maigidanki ya ɗauka, ya ce kina aiki, muryarsa kamar ta wanda ke magana da baƙo. Ina fatan lafiya. Lauya ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke, ta koma makaranta. Yadda aka yi ta same shi ne zan gaya miki, ko da yake ba daɗin faɗa.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, inji na sha tara ya tsaya ana saura rabin awa in tashi. Kin san halina, ba na barin inji a buɗe in tafi gida. Na shiga cikinsa, na manta da agogo, na kuma manta cewa a ranar za a tashi yara da wuri saboda taron malamai. Takardar sanarwar tana cikin aljihuna, ni na sa mata hannu. Da na isa makarantar, awa uku ke nan tana zaune a bakin ƙofa tare da maigadi, an yi ruwa an ɗauke, rigarta ta jiƙe ta fara bushewa a jikinta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe ta ɗauki jakarta, ta ce, "Baba, ka yi laifi. Amma wannan ne na farko, na sassauta maka."

Kwana biyun da ta yi a kwance, ina zaune a gefenta ina jiƙa tawul, sai maganarki ta dinga dawo mini. Na ce watakila Yaya ta fi ni gaskiya. Na ɗauko takardarki na sake karantawa, na bar ta a kan tebur na shiga kicin. Da na fito, Lauya tana riƙe da ita.

Na ce, "Wa ya ce ki karanta?"

Ta ce, "Sunana yana ciki." Sannan ta ɗora yatsa a kan layin nan da kika ce akwai abin da take buƙata wanda ba zan iya ba ta ba, ta ce, "Baba, wace ce 'ta' ɗin nan?"

Na ce, "Ke mana."

Ta ce, "A'a. Goggo maganar Kaka take yi a sama. Kuma ta ce lokaci ba ya jira. Ni ina zan je? Shekarata tara."

Yaya, na zauna a ƙasa a wurin da cokali a hannuna. Na karanta layin sau goma. Sai na tuna rabon da in ji muryar Inna tun kafin marigayiya ta kwanta asibiti. Na tuna duk kiran da na yi, safe ko rana, Inna tana barci. Na kuma tuna abin da na rubuta miki a ƙarshen takardata, cewa kowa ya riƙe nauyinsa.

Na shagala da zama uba har na manta ni ɗan wata ne. Ki gaya mini gaskiya, me ya sami Inna? Idan kuma Lauya ta yi kuskure, ita ake nufi ba Inna ba, to ki faɗa mini hakan ma, zan saurara wannan karon. Amma kada ki ƙara yin shiru.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Lauya ta samu sauƙi. Ka ce mata Goggo ta ba ta maki goma cikin goma. Ni da na shekara ashirin da biyu ina koya wa yara su rubuta abin da kowa zai gane, na rubuta layin da ya raba ni da ƙanena wata biyu. Da ɗalibata ce ta rubuta shi, da na ja masa jan biro.

Ni ma na yi maka mummunar fahimta. Da ka ce ka gane abin da nake nufi, na zaci maigidan ya faɗa maka a waya, ka san komai, kuma ka ce kowa ya riƙe nasa. Na yi kwana uku ban iya cin abinci ba. Na ce to, shi ke nan, zan riƙe ni kaɗai.

Ga gaskiyar. Inna ba ta gane ni. Kusan shekara guda ke nan. Da farko sunayen abubuwa take mantawa, ta ce a miƙo mata "wancan abin". Sai ta fara sa takalmi a cikin firji. Wata safiya na kai mata shayi, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Malama. Ƴata ta tafi makaranta?" Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

A kanta, ni har yanzu ƴar shekara tara ce, kai kuma ba a haife ka ba. Kullum da rana sai ta zauna a taga tana duba fuskar kowace yarinya mai kayan makaranta. Idan titi ya watse sai hankalinta ya tashi, ta ce an sace mata ƴa. Da farko nakan durƙusa a gabanta in ce, "Inna, ga ni, ni ce." Sai ta ture ni ta ce, "Ke wace irin mata ce da za ki yi wasa da uwar da ke neman ɗiyarta?" Yanzu na koyi cewa, "Tana hanya." Ni ke yi mata wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke ba ta magani a cikin cokali, kuma kullum ina yi mata alkawari cewa ina hanya.

Mako biyu bayan takardarka, matar da ke zama da ita da safe ta shiga banɗaki, Inna ta buɗe ƙofa ta fita. Ina tsakiyar karɓar masu duba makarantu aka kira ni. Na bar su a ofis da shayinsu. Awa huɗu muna nema. Wani mai sayar da jarida ne ya gan ta a ƙofar wata makaranta a can wata unguwa, ƙafa ɗaya babu takalmi, ta rungume rigar sanyi. Ta ce masa ta kawo wa ƴarta ne, ta fita ba ta ɗauka ba.

Me ya sa na ɓoye maka? Matarka tana asibiti lokacin da abin ya fara, sannan ka binne ta. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa maigidan. Ɗaya dalilin kuma, girman kai. Ni ce babba. Na saba a ce, "Ku bar mata, za ta iya." Ranar da Baba ya rasu na yi wa kaina alkawari Inna ba za ta taɓa neman wani abu ta rasa ba muddin ina numfashi. Ga shi abu ɗaya take nema a duniya, ni ce abin, kuma ba zan iya ba ta ba.

Hoton da ka aiko bara, na Lauya da kayan makaranta, Inna ta gan shi a kan tebur. Ta ɗauka ta sa a ƙirji ta ce, "Ga ta nan." Kowa ya san yarinyar nan fuskata ta ɗauko. Shi ya sa na ce ka kawo ta. Ban taɓa tunanin karɓe ta ba. Uban da ya zauna Asabar huɗu a kan bencin mai kitso, wa zai karɓi ƴa a hannunsa? Mantuwar rana ɗaya kuma, kada ka kashe kanka a kai. Ni uwa guda na ɓatar.

Amma horon nan da ka ƙi, ban yafe ba. Ka ƙi shi ne don ka nuna mini, ba don Lauya ba. Ka koma wurin Injiniyan nan ka sunkuyar da kai. Yarinya tana kallon yadda ubanta ke riƙe aikinsa kamar yadda take kallon yadda yake riƙe ta.

Kada ka tilasta mata zuwa. Ka gaya mata komai, ka bar ta ta kawo hujjojinta.

Yayarka

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na karanta takardarki a wurin aiki, a bayan inji na huɗu, inda ƙara ba ta barin kowa ya ji kowa. Ya yi mini amfani.

Na gaya wa Lauya komai, ban rage ba. Ta ce, "Zan je. Amma ba zan yi ƙarya ba. Ba zan ce ni Goggo ce ba." Na ce ba wanda zai sa ta. Ta ce a rubuta. Ga shi na rubuta.

Na koma wurin Injiniya. Wanda aka tura a madadina ya riga ya tafi, amma akwai rukuni na biyu da zai fara mako guda bayan an ba yara hutu, kuma sashen rini ma yana neman shugaban gyara. Na ce ina so, da sharaɗi biyu. Na farko, a ba ni ɗakin da zai ɗauki mutum biyu, kusa da makarantar firamare, domin da hutu ya ƙare ƴata za ta zo ta zauna tare da ni. Na biyu, ƙarshen mako ɗaya a kowane wata nawa ne, zan je wurin mahaifiyata. Ya ce, "Ba a taɓa zuwa horon nan da yaro ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, sai a fara da ni." Ya ce idan na faɗi jarrabawa sunansa ne zai ɓaci. Na ce ba zan faɗi ba. Ya yi kwana biyar yana buga waya, jiya ya miƙo mini takardar ba tare da ya ɗago kai ba.

Wannan ƙarshen makon na kowane wata, ba ziyara zan zo ba. Za ki ba ni cokalin magani da abin yanke farce, ki koya mini yadda kika koya, ke kuma ki tafi gidan ƙawarki ki yi barci. Idan kika yi gardama zan turo miki Lauya.

Za mu taso ranar Asabar ta farkon hutu, motar safe. Kada ki dafa komai na musamman.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina fatan ka isa lafiya, kuma ɗakin da suka ba ka ba ya yoyo. Mu duk lafiya. Lauya ta ƙara ƙiba, ta kuma kama maigidan da laifin shan shayi da sukari cokali uku, an yi zama, an yanke masa ɗaya da rabi. Takardarta tana cikin ambulan, ta manne bakinta da kanta, ta ce ba a ba ni izinin karantawa ba.

Ranar da za ka tafi, bayan ka yanke wa Inna farce ta ce maka, "Allah ya yi wa aikinka albarka, ɗan samari," na ga ka shiga banɗaki ka buɗe famfo. Na san wannan famfon. Ni ma shi nake buɗewa. Zai yi sauƙi, ba zai daina ba, amma zai yi sauƙi.

Ka ga yadda ta rungume Lauya ranar farko. Abin da ba ka gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Tun da yarinyar nan ta zo, Inna ba ta ƙara zama a taga ba. Tana cin abinci sosai, saboda sai ta ga "ƴarta" ta ci take ci. Lauya ta riƙe sharaɗinta. Idan Inna ta kira ta da sunana, sai ta ce, "Ga ni, Kaka." Inna ba ta damu da Kakar ba, "ga ni" ɗin take ji. Na riga na fara shirin ranar da za ta tafi: mun ɗauki muryarta a waya tana gaisuwa, likita ya ce a gwada. Idan bai yi ba, za mu nemi wata dabara.

Jiya da la'asar na dawo daga makaranta, na ɗebo ruwan ɗumi a roba zan wanke wa Inna ƙafa. Na zo bakin ƙofa sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da take yi idan za ta ba mu sirri muna yara. Na tsaya.

Tana ce wa Lauya, "Kin ga matar nan, Malama? Ki dinga gaishe ta da kyau. Ko tsawa na yi mata ba ta ɗaga murya. Ta san yadda nake son ruwan wanka ba tare da na faɗa ba. Rannan na ɓata shimfiɗa, ta canza, ta ce ruwa ne ya zube, don kada in ji kunya. Ta zaci ban gane ba. Ban san ƴar wace ce ba, amma uwarta ta yi dace. Idan kin girma, ki zama irinta."

Ka san ƴarka. Ta ce, "Kaka, ai ƴarki ce."

Inna ta yi dariya, irin dariyarta ta da, har da tafa hannu. Ta ce, "Ina ma!"

Auta, na tsaya a wurin har ruwan ya huce. Shekara guda ina jira ta kalle ni ta kira sunana, ina ganin sai ranar nan ne zan san ko na yi abin da ya kamata. Ba ta kira ba, watakila ba za ta ƙara kira ba. Na koma kicin na sake ɗumama ruwan, na shiga na ce, "Inna, a kawo ƙafa." Ta ce, "Sannu, Malama." Na ce, "Yauwa."

Yanzu saura kai. Na ga jadawalin karatun da ka manta a kan tebur, na sa maka shi a ciki, na kuma gyara maka kurakurai uku. Jarrabawar farko ranar sha takwas ce. Ka ci abinci, ka yi karatu, kada ka tsaya gyara wa mutane injinan da ba a sa ka ba. Ranar Juma'a ta ƙarshen wata muna jiranka, kuma na riga na gaya wa ƙawata ta gyara mini gado.

Yayarka